Akwatin da Baba Ya Zauna a Kai

Ƙaura Namoda, bayan girbin wake

Zuwa ga maigidana Oga Patrick,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wagga takarda za ta same ka lafiya, kai da Madam Stella da ɗiyata Glory. Yaya sanyin Jos, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Matata Saliha na gaishe ku, ta ce a faɗa wa Madam har yau ba ta samu mai yi mata kitso irin nata ba. Na rubuto ne don sabis ɗin wayarmu ka san halinsa, kana tsakiyar zance ya sake ka, kuma zancena yau mai tsawo ne. Direban albasa zai kawo maka.

Oga, jitar bes ɗin nan mai kaurin murya da ka bar mani ranar da kunka kwashe kaya zuwa Jos tana nan. Fentinta ya ƙara gogewa, amma wuyanta bai lanƙwashe ba, kuma ba ranar da ba na taɓa ta, kamar yadda ka koya mani a bayan shagon walda. Sai dai ina gab da rataye ta, ba da son raina ba.

Ka san gidanmu gidan kiɗan noma ne, kuma ka san Baba Sodangi kunnensa ya tafi, yanzu ko a gefensa ka yi ihu sai dai ya dubi bakinka. Tun da abin ya yi tsanani yayana Magaji ke jan ƙungiya, amma hukunci har gobe na Baba ne. Magaji ya kawo wani mai fiyano, Anas, don matasa su samu abin rawa a wurin biki. Ban ƙi ba, yaron ya iya. Matsalar ita ce lasifikokinmu. Guda biyu ne masu bakin ƙaho, irin na masu tallar maganin basir a kasuwa, kuma ta cikinsu ake tura murya da fiyano da jitata gaba ɗaya. Kai ka fi ni sanin abin da ƙaho ke yi wa bes. Haɗiye shi yake yi.

Makon jiya munka yi biki a Zurmi. Wallahi na kaɗa har yatsuna sunka yi ruwa. Da anka tashi sai wata tsohuwa ta tambayi Magaji, a gaban mutane, wai shi wancan dogon aikinsa riƙe katako ne kawai? Aka kwashe da dariya har da direbanmu. A hanya Magaji ya ce hannun hagun Anas na iya yin abin da nake yi, kuma wurin zama a mota ba yawa gare shi ba. Da munka isa gida ya kai maganar gaban Baba.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mani sauƙi. Cewa ya yi shekaru yana kallona ina sosa waya, bai taɓa ganin ƙafar kowa ta motsa saboda ni ba. Ya ce bikin ɗan Alhaji Abbati da za a yi a Shinkafi shi ne na ƙarshe, bayan shi ko in shiga sahun 'yan amshi ko in koma walda.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. A gidanmu duk wanda ya kuskure kiɗa, Baba na ƙwala masa gula, sandar gangar nan mai lanƙwasa, a bayan hannu. Magaji ya sha ta, 'yan amshi sun sha ta, har Anas da ya zo jiya jiya ya ɗanɗana, don Baba na karanta kiɗa a ƙafafun masu rawa. Ni kaɗai bai taɓa ƙwala wa ba. Mutane na cewa ni ne ɗan gata. Ba gata ba ne, Oga, bai ɗauki abin da nake yi a matsayin kiɗa ba ne, kuma abin na cin raina.

To na sayar da bijimin da na yi kiwo, na haɗa da waken bana. Saliha ta ce in bar mata na cefane, sauran in je in ƙwato mutuncina. Magaji ya ce in har zan ɓarnatar da kuɗin, in sayi sabuwar jita ja mai ƙyalli, ko banza a gan ni a yi mani liƙi. Anas ya ce feda zan saya, 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su canza muryar jita, wai su ne zamani. Kai ne malamina. Ka faɗa mani yadda ku masu bes kuke raba kuɗi tsakanin jita da feda da amfi, akwatin nan mai fitar da sautin jita, kafin in tafi Gusau.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Naka,
Ɗanbaba

*

Ƙaura Namoda, ranar da na dawo daga Gusau

Oga Patrick,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa ga uba. Takardarka ta iso, na gode, Allah shi bar zumunci. Na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi. Ka ce wa Glory na ga zanen jitar da ta yi mani a ƙasan takarda, tsirkiya bakwai ta sa mata maimakon huɗu, sai ta zo ta koya mani yadda ake kaɗa ta.

Na karanta shawararka har Saliha ta gaji da ji. Ka ce rabi a jita, don ita ce ke hannunka kullum, sauran a raba tsakanin ƙaramin amfi da feda ɗaya ko biyu, haka 'yan Jos ke yi. Oga, ka yi mani afuwa, ban bi ba. Ku a can kuna kaɗawa cikin coci da ɗakin taro, akwai bango, akwai manyan lasifikoki na jiran ku. Mu filin Allah muke kaɗawa, kan yashi, gefen ganguna uku da ba su san tausayi ba. Jita ja ba za ta yi mani komai ba in dai ta cikin ƙaho za ta bi. Feda kuwa murya take canzawa, ni da ba ni da muryar ma tukuna mi za ta canza?

Sannan ba don taro zan yi sayayyar ba, don mutum ɗaya ne. Na lura Baba na sanin an tayar da injin niƙan maƙwabta tun kafin kowa ya faɗa masa, yana ji a tabarma. In zai ɗaure ganga kuma tafin hannu yake ɗorawa a jikinta. Kunnen ne ya tafi, jikin na nan.

Da na isa shagon Nnamdi mai kayan sauti, ya fara sauko mani da jitoci masu ɗaukar ido. Gaskiya wata baƙa ta shiga raina, na riƙe ta, na shafa wuyanta, na mayar. Na ce ya jera mani amfi duk da yake da su. Sai na ciro auduga na toshe kunnuwana tam, na naɗa rawani a kai, na jona tsohuwarka, na rinƙa hawa kan kowane akwati ina zama ina kaɗawa. Oga, da ka ga yadda mutane sunka taru a bakin shago! Nnamdi ya riƙe ciki yana dariya, ya ce shekarunsa a sana'ar bai taɓa ganin mai gwada amfi da mazaunai ba. Na ce masa yau ya gani.

Sababbin na roba, masu fitilu kore da ja, ba su ce mani komai ba. Can a lungu akwai wani tsohon akwatin katako, baƙi, gefensa ya ɗaɗɗaye, lasifikarsa ta kai faifan tankaɗe. Ina zama na taɓa babbar tsirkiya, sai na ji ta tun daga ƙugu har haƙora. Na ce shi ne. Munka yi ciniki har ya rantse na rantse, kuɗin bijimin nan kusan duk ya tafi a kansa. Da ragowar na sayi sababbin tsirkiyoyi da waya mai kauri. Feda ko ɗaya ban saya ba, jita kuwa taka ce za ta je Shinkafi.

Mutum biyu sunka ɗora shi a mota. Da Magaji ya gan shi ya ce na sayar da sa na sayo akwatin lefe, kuma ba shi da wuri a motar ƙungiya. Na ce ba komai, zan biya masa kuɗin kujera kamar mutum. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ci gaba da cin goronsa.

Yanzu kullum bayan la'asar ina rufe ɗaki ina koyon taken gidanmu a kan jita, wanda kakanmu ke kaɗa wa manoma ranar gayya. Ba a yi shi don waya ba, yana ba ni wuya ƙwarai. Ka sa ni a addu'a, ni ma kana cikin tawa.

Ɗalibinka mai taurin kai,
Ɗanbaba

*

Shinkafi, kashegarin biki

Maigidana,

Ina gaisuwa, ina gaida Madam da Glory. Ban iya jira in koma Ƙaura ba, a gidan ƙanwar Saliha nake rubuta maka, kuma in ka ga rubutun ya karkace akwai dalili, za ka ji.

Da hantsi anka fara, don yanzu ba mai son magariba ta same shi a hanya. Filin ya cika, manoma sun zo daga Badarawa da Katuru har da Jangeru, don Alhaji Abbati mutumin noma ne. Magaji ya ce in kai akwatina can baya kusa da janareta, kada ya tare wa masu liƙi hanya. Raina ya ɓaci, don Baba a gaba yake zama, kuma yashi na shanye komai kafin ya kai gare shi.

Saliha ce ta cece ni. Kujerar robar da anka ajiye wa Baba, sai ta ɗauke ta ta kai wa wata gyatuma cikin mata. Ta sa ƙannenta sunka jawo akwatin gaba, ta shimfiɗa buzun Baba a kai, ta durƙusa ta nuna masa. Baba ya ɗauka karramawa ce, ya tattara babbar rigarsa ya hau ya zauna, gula a hannu. Magaji ya harare ni, amma wa zai tayar da Baba a gaban jama'a?

Waƙoƙin farko na rage ƙarfin amfin ƙasa ƙasa, na bar Anas ya yi ta yi da matasa. Sai da Alhaji Abbati da kansa ya shigo fili da tsofaffin manoma, Magaji ya ɗaga hannu a ba ganguna wuri, sannan na murɗa shi sama na saki taken gidanmu.

Oga, Baba ya zabura har hularsa ta karkace. Ya leƙa ƙarƙashin buzu, ina jin ya ɗauka wuta ce ta ja shi. Na ce shi ke nan zai sauka. Ban tsaya ba. Sai na ga ya koma ya zauna sosai, ya ɗora tafin hannunsa a gefen katakon kamar yadda yake yi wa ganga, ya rufe ido. Can sai kansa ya fara kaɗawa. Ya buɗe ido ya bi masu ganga da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai samu abin da yake nema a hannun kowa ba, har idonsa ya sauka kan yatsuna.

Filin kuwa ba sai na faɗa maka ba. Tsofaffin nan sunka duƙa suna rawar noma kamar da garma a hannunsu, ƙasa na amsawa. Wani ya yi ihu yana tambaya ina anka ɓoye babbar ganga. Anas ya ɗauke hannun hagunsa daga fiyano ya bar mani wurina, Allah shi saka masa. Kuɗi na sauka a kan tsohuwar jitarka mai gogaggen fenti, ban ko dube su ba.

Daɗi ya ɗebe ni, Oga. Akwai wata gaɓa a taken da ake ɗan jinkirtawa, wurin da manomi ke ɗaga garma kafin ya sake sara, ni kuwa na yi gaggawa na haye ta. Ba wanda ya lura a filin nan, ko Magaji. Baba ya yafuto ni da yatsa. Na matsa kusa ina kaɗawa, na zata magana zai yi. Sai ji na yi ƙwal a bayan hannuna na dama, gula ce, da ƙarfinta, a gaban Shinkafi duka. Ya buga gwiwarsa ya nuna mani inda na tsallake, ya ce da muryarsa mai ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, in koma in ɗauko daga farko, gidan Sodangi ba a kiɗan gaggawa.

Na koma na ɗauko. Hawaye na zuba, hannuna na zafi, ina dariya, mutane sun ɗauka zafin dukan ne.

Da anka tashi Baba ya ƙi barin wurin akwatin sai da ya ga an ɗaure shi a motar ƙungiya, a gaba. Magaji ne ya kama gefe ɗaya da hannunsa. Baba ya ce mako mai zuwa akwai suna a Zurmi, in tabbata na gyara gaɓar nan kafin lokacin, in ba haka ba zan ƙara sha.

Ka ce wa 'yan Jos su ci gaba da rabonsu, yana da kyau a wurinsu. In Allah ya kai mu baɗi zan sayi baƙar jitar nan ta shagon Nnamdi, wataƙila har da feda ɗaya don Anas ya bar ni in huta. Amma taka ba za ta bar gidana ba, na gode maka har abada.

Hannun ya kumbura, shi ya sa rubutun ya karkace. Saliha ta kawo man zafi za ta shafa mani, na ce ta bar shi tukuna, akwai mutanen Ƙaura da ba su gani ba.

Naka har kullum,
Ɗanbaba Sodangi, makaɗi