Abin Zubin Dalmar Baba

Hindawiyya, Makka

Zuwa ga ƙanena Zali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Raihana da yara, Allah ya ƙara muku lafiya ya tsare ku da sharrin daji da na gari. Mu nan Alhamdu lillahi. Maigidana Abdulganiyyu yana nan yana fama da shagonsa a Kudai, 'yarmu Nuf ta kusa gama karatu, Hausarta dai sai addu'a. Baba yana cin abinci, yana zuwa Harami ranar Juma'a a keken da ake tura shi, amma yanar idon nan ta ƙaru, yanzu da murya yake gane mutum.

Zan fara da laifinka. Ka turo mini saƙon murya kana cewa kar Baba ya ji, alhali ka san shukkarmu, gidan da muke ciki, ɗaki biyu ce, kuma kunnen tsohon nan ko allura ta faɗi sai ya tambayi ta waye. Ya ji komai. Ya ji gadu sun addabi gonakin dawa a wajen Amtiman, ya ji kana harbi yana bauɗewa, ya ji manoma sun fara cewa za su ba wani gadin bana tunda ɗan bai gaji uban ba. Wannan ta ƙarshen ce ta hana shi cin abincin rana. Ni ma raina ya ɓaci, Zali, don na san da gadin nan kake ci da gidanka.

Da la'asar ya kira ni ya ce shi ya san bindigarsa, ba ta ƙarya, kuma ya san hannunka. Ya ce laifin na sandar ɗuri ne. Wai tun da ka ce ka sake sanda, ya tabbata bakinta a shafe yake, in ka danna harsashin dalma sai ta lallatsa masa kai, abin da kuwa kansa ya karkace ba zai tafi daidai ba. Tasa ta da, in ka tuna, tana da ɗan kofin tagulla a baki wanda harsashi ke zama ciki daram. Ya ce shi zai yi maka wani. Na ce Baba, a Makka, inda ko tattabara ba a kora? Ya ce shi ba tattabara zai harba ba.

Abdulganiyyu da ya ji sai ya hau wallahi ya ammi wannan mamnu'i ne, doka ta hana, kar a ja masa magana da hukuma. Baba ya ce ya kwantar da hankalinsa, ba bindiga ba albarushi, ɗan guntun tagulla ne kawai. Ban tambayi inda za a samo tagullar ba, nan na yi sake. Na dawo daga kasuwa na ɗauko turmin da nake daka hel, kayan ƙamshin gahawa, sai na ga taɓaryar ta gajarce. Ashe ya lallaɓa maƙwabcinmu mai gyaran famfo ya yanke masa gindinta. Taɓaryar da surukata ta ba ni! Na yi faɗa har muryata ta dushe, shi kuwa yana zaune yana shafa guntun yana cewa tagulla ce mai kyau, Allah ya ji ƙan Hajiya, ta san kaya.

Daga nan ya sa hannu ƙarƙashin matashinsa ya ciro abin zubin dalmarsa. Ka san shi, wanda ya hana ka ranar da zai taho, ya ce in ya sauke farali ya dawo zai buƙace shi. Shekarun nan duk yana nan a ƙunshe cikin tsumma, yana shafa masa mai. Da yake ba dalma, kyandir muka narka muka zuba, muka sami 'yan ƙwallaye. Zafin garin nan ya sa suka yi laushi, na sa su a tallaja, wato firiji, Abdulganiyyu ya buɗe ya jefa ɗaya a baki wai ya zaci alewa ce. Kar ka ce na faɗa maka.

Haka muka yi ta yi kullum bayan walaha. Shi yana rarake tagullar da bakin tsohuwar magagari da takardar yashi, ni ce idonsa. Sai in shafa wa ƙwallon baƙin tukunya, ya danna a cikin kofin, in duba in gaya masa inda baƙin ya taɓa, nan zai ci. Har ya yanke yatsa, bai ko kula ba. Rabon da in ji shi yana 'yar waƙar maharba a ƙasan maƙoshi tun Inna na da rai. Ranar da baƙin ya zagaye kofin ko'ina bai bar wuri ba, ya sa na maimaita masa, sannan ya yi dariya har da tari.

To ni da bakina da ba ya shiru, sai na ce amma Baba, ai Zali ba da wannan yake zubi ba, da na maƙerin kasuwa yake yi, kofin nan kuwa harsashinka kaɗai ya sani. Wallahi tambaya kawai na yi. Ya daɗe yana juya abin zubin a hannu, yana buɗewa yana rufewa. Can ya ce na yi gaskiya, bindiga da abin zubinta da sandarta 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya raba su. Ya naɗe shi da kofin a tsumman, ya miƙo mini, ya ce in ba Malam Ja'afaru da ya zo Umra ya kawo maka. Na ce in ka koma gida fa? Ya ce in tafi in duba tukunyata. Na shiga madafa na yi kuka na ƙoshi.

Saboda haka ga saƙo nan a hannun Malam Ja'afaru tare da takardar nan, da dabino da zamzam na Raihana. Na san halinka da girman kai, kar ka ajiye shi a akwati ka ce ka iya da kanka. Ka kafa kofin a sandar, ka yi zubi da na Baba, ka gwada. In ya yi ka turo murya, in bai yi ba ma ka turo ka faɗi gaskiya, ya fi son aiki a kan lallashi.

Ka gaida Raihana da Tahani da Hudaifa, ka gaida Kawu Hisham, ka ce muna sa shi a addu'a. Abdulganiyyu da Nuf suna gaishe ku. Abu ɗaya nake roƙonka, Zali: in kun yi waya, ka daina tambayarsa yaushe zai dawo. Ka fara tara kuɗin hanya, kai za ka zo.

Yayarka,
Ummulkhairi