Zafi a Layin Awo

Litinin, 3 ga Maris

Ma'aikatar lafiya ta turo mana wani jami'i, yaro ne sharaf, da jakar kwamfuta a baya. Ya tara mu a ɗakin hutu, wai ya zo jin ra'ayinmu kan sauyin yanayi da lafiyar masu ciki. Fankar ɗakin ta mutu tun bara, gumi na bin wuyansa, yana ta nuna mana zane-zane. Na ce, "Ɗana, tun kafin a yaye ka nake karɓar haihuwa. Zafi ba yau aka fara shi ba." Ya ce, "Haka ne, Mama, amma ba irin wannan ba." Wai Mama. Ni shugabar ɗakin haihuwa ce, ba uwarsa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya dawo. Ƙananan ma'aikata sun sa masa suna Malam Yanayi. Ban hana su ba.

Talata, 18 ga Maris

Mutanen ofis sun samu sabuwar kalmar fakewa, shi ke nan. Ba magani, sauyin yanayi. Famfo ya ƙafe, sauyin yanayi. Likitanmu ma ya fara bin bakinsu, wai bakwaini sun yi yawa bana. Na ce masa matan ne ba sa cin abin kirki, ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa. Yaron kuma wai a kafa rumfa a layin awo, a ajiye ruwan sha. Na ce ya gyara mana fanka tukuna, sannan ya koya mini aikina.

Laraba, 2 ga Afrilu

Matar wani mai walda ta faɗi a layin awo da rana tsaka. Cikin wata bakwai. Tun safe take tsaye a jikin katanga, ba inuwa. Leɓenta ya bushe ya tsage, jikinta kamar murhu, gwajin zazzaɓin cizon sauro kuma bai nuna komai ba. Muna sa mata ƙarin ruwa naƙuda ta taso. Kafin la'asar ta haifi mace, ba ta fi tafin hannuna biyu ba.

Malam Yanayi yana nan. Shi ya kama ƙafafunta muka ɗora ta a gado. Na juyo na gan shi tsaye a bakin ƙofa, na daka masa tsawa ya fita. Da ya ce uffan, da na samu inda zan sauke fushina. Ficewarsa kawai ya yi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Jaririyar ta koma. Mijin ya tare ni a baranda, hularsa a hannu. "Sista, me ta yi ba daidai ba?" Ba ta taɓa fashin awo ba, ƙwayoyin ƙarin jininta ba ta tsallakewa. Na ce masa ba ta yi komai ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Wasu biyu sun haihu kafin lokaci. Sun rayu.

Baban yara ya ce kwana biyu ina faɗa har da kofuna. Sai ya ƙara da cewa shi ma bai tuna shekarar da bango ke ƙona hannu haka ba. Na ce ya sha shayinsa, likitoci sun ishe ni a wurin aiki.

Juma'a, 9 ga Mayu

An ɗauke yaron, an tura shi wani sashe. Wai ya cika damun darakta. Hutu gare ni.

Wanda ya maye gurbinsa dattijo ne mai tumbi, ya sauko daga mota mai sanyi, bai ko kalli layin ba. Likita ya fara masa bayanin bakwainin, ya katse shi. "Matan yanzu ne da raki."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka tsaya a jikin katangar can zuwa azahar, ba ciki ba komai. In ka iya, sai mu yi maganar raki." Likita ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau.

Ba wai na yarda da zane-zanen yaron ba ne. Mutumin ne bai da ladabi.

Da na koma ofis na zauna, na kasa rubuta ko layi ɗaya. Yunwa ce.