Kunama a Hannun Hagu

Bacolod, Janairu

Zuwa ga mijina Tikoy,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya teku, yaya sanyi, yaya wannan gwiwar taka da ba ka son a ambata? Mu nan lafiya ƙalau. An shiga yankan rake, manyan motoci sun cika hanya, tokar gonaki tana sauka a kan shanyata kamar kullum. Na san wasiƙar nan za ta jira ka har ku tsaya a wata tasha, don haka zan saki jiki in rubuta, babu mai katse ni.

Ka tambayi jikin yayana, Manong Efren. Jiki da sauƙi, mutumin ne babu. Ƙafar dama tana ja, amma yana tafiya. Hannun dama ya dunƙule, baki ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi. Likita ya ce wasu sun tashi daga shanyewar ɓarin jiki da ta fi wannan. Shi kuwa ya daina zuwa gashin ƙashi, ya juya kujerarsa tana kallon bango, ko coci ba ya zuwa don kada a yi masa sannu. Wannan fa mutumin da ya kafa ƙungiyar wasan harbi ta Ɓerayen Rake, wanda in ya daka tsawa a filin wasa sai an ji a bakin titi.

Ran Lahadi matarsa, Manang Glo, ta kawo min doguwar jakarsa ta ɗora a kan teburin aikina. Ta kira ni da sunana na gida ta ce, "Inday, ya ce ki nemo mai saye, ke kika san 'yan wasan." Na zuge jakar, ga bindigarsa ta wasa a goge tsaf. Rabin kayan cikinta ni na yi su da hannuna. Ka tuna ita ce mafarin wannan haukar tawa, ranar da kunamarta ta karye aka ce sai an yi odar wata daga Taiwan. Na ce ni da nake haɗa wa tsofaffi haƙoran da suke cin gasasshiyar kaza da su, ɗan guntun ƙarfe ne zai gagare ni?

Na gaya wa Glo ba zan sayar ba. Na san me za ka ce, abin wasa ne mai tofa ƙwayar roba, manya da furfura suna ɓuya a bayan ganga. Na ji. Amma na san yayana. Ranar da bindigar nan ta tafi, ba zai ƙara fitowa daga ɗakin nan ba sai an ɗauko shi.

Kuma na riga na gano bakin zaren. Bindigar da batir take aiki, kunamarta ba komai ba ce illa makunni irin na fitila. Wa ya ce dole ta zauna inda masu ƙera ta suka ajiye ta? Zan ɗauke ta in kai ta gaba, ƙarƙashin babban yatsansa na hagu. Hannun dama kuma in yi masa mariƙi daidai da dunƙulewarsa. Ba wanda na gaya wa sai kai, kai kuma kana tsakiyar ruwa, asirina a rufe yake.

Ka ci abinci, ka daina tsayuwa a iska ba hula.

Matarka,
Naida

Bacolod, Fabrairu

Tikoy nawa,

Ina gaishe ka da kewa. Na ji daɗi da ka ce gwiwa ta yi sauƙi, ko da yake ban yarda ba. Mahaifiyarka tana lafiya, ta ce in gaya maka ta yi maka addu'a, ni kuma ta yi min faɗa.

To, aiki ya kankama. Na je gidan Manong da kwanon roba da hodar da muke ɗaukar siffar baki da ita. Ya kalle ni ta wutsiyar ido ya ce, "Me kika zo yi da kwanon haƙora?" Na ce, "Bakinka na zo aunawa, an ce ya daina aiki, ga shi kuwa yana zagi." Ya ce in kwashe tarkacena. Na zauna na ci gaba da kwaɓi. Hodar nan in ta ji ruwa ba ta jiran kowa, na ce masa ko ya miƙo hannu ko ta daskare a kan teburin Glo, shi zai yi mata bayani. Ya miƙo.

Tikoy, rabona da riƙe hannun nan tun ranar da ya raka ni gaban coci ya damƙa ni gare ka. A lokacin kamar icce yake. Yanzu sai da na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina saki suna komawa. Raina ya sosu ƙwarai, amma ban bari ya gani ba, na ce masa ya yanke farce.

Mariƙi na farko da robar haƙora na zuba shi, ya fito ja-ja kamar dasashi. Manong ya ce, "Wannan bindiga ce ko bakin kaka?" Karon farko kenan da na ji dariyarsa tun da ya kwanta. Ya zura hannu ya zauna daram. Sai atishawa ta zo masa. Ashe in ya yi atishawa ko ya firgita, hannun matsewa yake da ƙarfin da shi kansa bai san yana da shi ba. Ji kake ƙas, aikin mako guda ya rabu biyu. Ban ji haushi ba, na koyi abin da ban sani ba. Na biyu da farar roba mai tauri na sassaƙa shi, na shimfiɗa masa robar tayar keke a ciki don kada ya ci fata. Wannan ko saniya ta taka sai dai ta ji ciwo.

Sabuwar kunamar ta alminiyam ce, faɗinta daidai tafin babban yatsa, na goge ta har tana ɗaukar ido. Na yi mata ɗan murfi mai sifirin, saboda Dodoy, wanda ya karɓi jagorancin ƙungiya, ba ya barin bindiga marar makulli ta shiga fili, kuma gaskiyarsa ne. Na ƙara maɗauri a kafaɗa don nauyin ya tafi can. In ba ni na faɗa ba wa zai faɗa: duk tsibirin nan babu irinta.

Jiya muka jera gwangwanayen madara a kan katangar baya. Na farko ya kuskure, na biyu ya huda gwandar Glo, daga nan sai gwangwani yake tashi ɗaya bayan ɗaya. Bai ce na gode ba. Cewa ya yi kafaɗarsa ta yi sanyi, a kira mai gashin ƙashi gobe. Glo ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Lahadin farko ta wata mai zuwa zai shiga fili. Ka sa mu a addu'a, amma ba na shakka.

Taka har kullum,
Naida

Bacolod, Maris

Mijina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun wuce guguwar da ka ambata lafiya. Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace.

Mun je filin, can tsohon injin sukari. Mutane sun cika har da waɗanda suka daina wasa. Aka auna ƙarfin bindigarsa a na'ura kamar ta kowa, ta ci gwajin, aka yi ta zagaye ta ana tambaya wa ya yi, ni kuwa ina tsaye ina cewa ai ba wani abu ba ne. Ya shiga, ya harbe mutum shida ya fitar da su, shi ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa shi ba. Aka yi tafi, aka ci kaza da shinkafa, na dawo gida kaina kamar ya taɓa rufi.

Washegari Glo ta sake kawo min jakar.

Na bar aiki na tafi. Na same shi a kujera, fuska a bango. Na fara yi masa tsiya, sai ya kama gefen rigarsa da hagu ya ɗage ta har wuya. Ya ce, "Nemo min tabo, Inday. Guda ɗaya." Na duba, fata sumul. Ka san yadda yake dawowa a da, jikinsa duk jajayen ɗigo kamar mai ƙyanda, yana nuna mana yana faɗin sunan wanda ya yi kowanne. Ya ce, "Ina jan ƙafa a fili fetal, jaki ma zai same ni. Na ga Boyet na ɗaya ɓangaren ya saita ni, ya sauke bindiga, ya tsaya na harbe shi." Ya saki rigar ya ce, "Rakiya suka yi min."

Ka san dokar wasan nan ɗaya ce. Babu mai ganin inda ƙwaya ta faɗa, sai wanda ta sama. Shi zai ɗaga hannu ya yi ihu an same shi, ya ɗora jan ƙyalle a ka, ya fita. Duk darajar mutum a nan take, kuma Manong bai taɓa ɓoye ko ɗaya ba. An hana shi abin da ya fi iyawa.

Na je shagon Dodoy na tsare shi. Ya ce, "Naida, yana shan maganin tsinka jini, in ya kumbura fa? Ni na roƙi kowa, har da 'yan ɗaya ɓangaren." Na ce, "Kai likita ne? Da ka ba shi gwangwani ya harba, ai ya fi mutunci." Idonsa ya kawo ruwa. Don ƙauna ya yi, na sani, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Na tambayi likitan da kaina. Ya ce in dai an rufe fuska da wuya, ba abin da zai same shi sai tabon da zai fi na kowa girma. Na koma da jakar, na ce wa Manong ran Lahadi zan shiga ɗaya ɓangaren, kuma shi zan nema. Ya ce, "Ke? Ke da kike rufe ido in za ki harba?" Na ce ya zo ya gani, in ba tsoro ba. Da zan fita ya ce in bar jakar.

Zan iya, kada ka damu.

Naida

Bacolod, ƙarshen Maris

Tikoy, abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina gaida duk wanda ya tambaye ni. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Zauna ka ji.

Ran Asabar na kwance bindigata na sa mata sifirin mai laushi, don in ƙwaya ta same shi kada ta yi zafi. Na ɗaure, na gwada, na ajiye. Da safe ina shan kofi na kalle ta, na ce Naida, ashe ke ma Dodoy ce. Na sake kwancewa na mayar da na asali. Allah ya so ni, domin da aka zo awon bindigata Manong ya ja ƙafa ya zo ya tsaya a kan na'urar, ya karanta lambar da idonsa, sannan ya wuce.

Aka busa usur. Na bi ta cikin ciyawa ta bayan tsoffin kekunan rake. Ban sha wuyar samunsa ba, ƙarar ƙafarsa ake ji a kan tsakuwa. Ya fito daga bayan wata ganga, gefensa na dama a buɗe, wanda ba ya iya juyawa da sauri. Biyu daga cikin 'yan ɓangarenmu suna ganinsa, suka yi kamar suna gyaran tabarau. Na saita. Yayana ne fa, shi ya goya ni. Ban rufe ido ba. Na sakar masa uku a haƙarƙari.

Ya daɗe a tsaye, har na ce na kashe zumunci gaba ɗaya, Glo ba za ta ƙara kallona ba. Sai ya ɗaga hannun hagu sama, ya buɗe wannan karkataccen bakin da yake jin kunyarsa, ya ce, "An same ni!" Tsuntsaye suka tashi daga rufin injin. Mai sayar da ruwan kwakwa a bakin titi ya ce shi ma ya ji.

Ni kuma na fashe da kuka a cikin abin rufe fuska, tabarau ya yi hazo, na miƙe tsaye kamar sakarya. Dodoy bai yi wata-wata ba ya ɗirka min a cinya. Na ɗaga hannu, na ɗora jan ƙyallena.

Haka muka nufi inuwa mu biyu, ni da Manong, kowa da ƙyalle a ka. Ya ce, "Uku, Inday? Ɗaya bai ishe ki ba?" Na ce hannuna ne ya zarce. Hanyar da nisa, ga rana, yana ja yana haki. Ban ma san na rage tafiya ina daidaita ƙafata da tasa ba. Ya tsaya, ya dube ni ta cikin tabarau ya ce, "Wuce. Kada ki jira ni."

Sai na wuce. Ban waiwaya ba har na isa inuwa na zauna, ina jin ƙafarsa a kan tsakuwa tana tahowa.

Ka kula min da kanka, ka dawo min lafiya.

Matarka mai ƙaunarka,
Naida