Kyandir ɗin Baba a Tagar Kulob

Arroyo Manso,
1 ga Disamba, 1968

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kuma iskar kudu ba ta tayar maka da ciwon ƙirjinka ba. Mama tana lafiya. Kaka ma da sauƙi, sai dai ƙafa. Ni kuma na gama aji uku a makarantar sistoci, na zo ta biyu.

Baba, wannan ce wasiƙa ta goma sha ɗaya da na aika gonar tumakin nan ta kusa da Río Gallegos, inda ka ce ka samu aikin askin tumaki. Ba a dawo mini da ko ɗaya ba, shi ya sa nake gaya wa kaina akwai hannun da yake karɓa. Waɗancan na cika su da labarin makaranta. Wannan kuwa roƙo ne.

Ranar Lahadi bayan coci mata suka taru a kulob don kwaɓa kek ɗin Kirsimeti, kowane gida yana juya babban cokali sau ɗaya kamar kullum. Da aka zo kanmu, Kaka ta riƙe cokalin ba ta juya ba. Ta dubi Madam Tormey, shugabar mata, ta ce, "Bana a sauke kyandir ɗin Owen daga taga."

Ka fi ni sanin dokar, amma zan rubuta ta ko da na fahimce ta ba daidai ba. Ranar jajibirin Kirsimeti kowane gida mai matafiyi yana kunna masa kyandir a tagar da take kallon tashar jirgi, yadda kakanninmu suke yi a ƙasar Ayalan, don ya ga hanyar gida. Wanda ya yi Kirsimeti uku ba a ji ɗuriyarsa ba, a na huɗu sai a kunna masa na ƙarshe, a kashe a gaban jama'a, a goge sunansa daga allon matafiya, Fada, limamin cocinmu, ya sa shi cikin waɗanda ake yi wa addu'ar mamata. Wannan ne na huɗu, Baba.

Kuma kyandir ɗin Kirsimeti ba mai kashe shi sai yarinya mai suna Mary, wadda ta iya addu'ar Maryamu da ka. Kowa Nonie yake kirana har na kusa manta sunan baftismata. Madam Tormey ba ta manta ba. Mary Gaynor ta yi aure ta koma Rosario. Ta gidan Furlong shekararta huɗu, ba ta iya addu'ar ba. Ni kaɗai na rage.

Ba na cewa ka zo. Ba na cewa ka aiko da komai. Layi ɗaya da rubutun hannunka ya isa, ko sunanka kawai. Na sa ambulan a ciki, na rubuta adireshi, na manna kan sarki.

Allah ya kiyaye ka.

'Yarka,
Mary Honora Ballesty

14 ga Disamba

Baba na,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu ma muna nan, sai zafi. Kyandirorin da aka sayo sun fara lanƙwasa a kabad, an mayar da su ɗakin ajiye madara.

Kullum ina zuwa gidan waya bayan jirgin ƙarfe goma. Yanzu mai gidan wayar ba ya bari in ƙarasa kanta, daga nesa yake girgiza mini kai.

Akwai abin da na yi, dole in faɗa maka. Na ɗauko tsohuwar wasiƙarka daga akwatin Mama, na kwana uku ina kwaikwayon rubutunka, na rubuta cewa kana lafiya kuma kana gaida kowa. Na kai wa Madam Tormey a kicin ɗin kulob. Ta sa tabarau ta karanta har sau biyu. Sai ta ce, "Yarinya, ni na koya wa Owen Ballesty karatun baftisma. Bai taɓa rubuta layi a miƙe ba, kuma bai taɓa gaida kowa ba." Ta ninke takardar ta sa mini a aljihu, ta ba ni shayi. Ba ta gaya wa kowa ba. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Kawu Kilmurry yana baranda yana karta, ya ga idona ja. Ya ce, "Nonie, ubanki bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba. Ranar aurensa ma sai da na ciro shi daga wajen tseren doki." Madam Tormey ta leƙo ta taga ta ce, "Kai kuma wa ya ciro ka, tsohon banza? Har yau kana can." Aka yi dariya. Ni ban iya ba.

Na yi wa Kaka magana. Ka san ban iya yi wa manya gardama ba, amma na durƙusa gabanta na ce ta bari ko shekara ɗaya. Na ɗauka ta haƙura da kai ne. Ashe ba haka ba ne. Ta ce, "Idan yana raye, kyandir ba zai ƙara masa komai ba. Idan kuwa ya mutu, shekara uku ke nan ɗana yana can ba wanda ya roƙa masa gafara, ni ina nan ina kunna masa wuta kamar mai jiran baƙo. Ina so a yi kafin in bi shi."

Mama ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ta sauke baƙar rigarta ta goge, ta rataye a bayan ƙofa. Tawa kuma farar riga ce, wadda Mary mai kashe kyandir take sawa. Ta sassauta mini ita a kafaɗa.

Na tambayi Fada ko laifi ne in ƙi. Ya ce wannan al'adar kulob ce, ba ta coci ba, shi dai idan aka kawo masa suna zai karanta.

Baba, idan ka mutu, ka yafe mini wannan maganar. Idan kuwa kana raye, kana ganin wasiƙuna kana ajiyewa, to ban san abin da na yi maka ba. Kwana goma ya rage. Da bakina za a sa in hura. Ina roƙonka, ko zane ka yi a takarda ka aiko.

Taka,
Nonie

26 ga Disamba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa, ina maka barka da Kirsimeti a duk inda kake. Muna lafiya.

Ba abin da ya zo. Jirgin ranar jajibiri ya kawo wa gidan Furlong kati uku.

An taru ƙarfe shida, rana ba ta faɗi ba. Maza suna gasa nama a bayan kulob, Kawu Kilmurry yana jan akodiyan, abin kiɗansa mai hura iska, yara suna rawa a kan dakali. Aka kunna kyandir tara a taga. Naka ne na ƙarshe daga hagu, ya ɗan karkata saboda zafi. Madam Tormey ta buga cokali a jikin kofi, kowa ya juyo. Ta karanta sunanka. Ta ce, "Mary, bisa al'ada."

Na je gaban tagar. Na karanta addu'ar daga farko har ƙarshe, ban yi kuskure ba. Na sunkuya. Sai na ga ba zan iya ba. Ba wata jarumtaka ba ce, numfashin ne ya ƙi fita. Na miƙe na ce, "Ku yi haƙuri." Ina jin ba wanda ya ji sai na kusa.

Madam Tormey ta ce a hankali, "Sake gwadawa, yarinya." Na girgiza kai. Wani daga baya ya ce ai ko wa ya hura, wuta wuta ce. Kawu Kilmurry ya ce, "To zo ka zama Mary ka hura mana." Mutumin bai motsa ba. Mutum fiye da sittin a zauren, har da masu gardamar cewa duk wannan camfi ne, amma ba wanda ya yarda ya kai bakinsa kusa.

Muna nan tsaye sai iska ta taso daga wajen tasha, harshen wutar ya kwanta. Kaka ta tashi. Na ɗauka ita za ta kashe. Ta jawo ƙafarta har taga, ta sa tafin hannunta ta kare shi. Ta ce, "Ku rufe ƙofar can. Ku kashe fankar nan."

Aka rufe, aka kashe. Kawu Kilmurry ya juya akodiyan ɗinsa ya fuskanci bango, wai kada iskarsa ta jawo masa magana. Muka zauna cikin zufa, naman yana ƙonewa a waje, Mama tana riƙe da hannuna cikin baƙar rigarta. Da yake kyandir ɗin ya karkata, bai daɗe ba. Ya yi ta zuba a gefe ɗaya, kafin duhu ya gama rufewa lagwanin ya nutse, ya mutu da kansa.

Kowa ya dubi Madam Tormey. Ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Ba Mary ce ta kashe ba. Bai ƙirgu ba." Ta ajiye tsumman goge allo. Sunanka yana nan.

Da muka shiga gida na ga hannun Kaka ya ƙone ya tashi, na shafa mata man shanu. Ta ce, "Ke da ni mun hana shi addu'a wata shekarar. Allah ya sa ba mu cuce shi ba." Wannan maganar ta ƙi barina.

Shekara ɗaya na samo maka, Baba, ita kaɗai zan iya. Jiya a wajen cin kek, ƙaramar Mary Furlong ta hau cinyata ta karanta mini addu'ar Maryamu har rabi. Uwarta ta ce kafin bikin Ista za ta haddace. Yarinya ce mai son hura kyandir, ba ta san ko kai wane ne ba.

Na sake sa ambulan da kan sarki.

'Yarka mai jiranka,
Nonie