Kular Zakariyya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Malam Dallatu, ladanin masallacinmu na Nyanya, ya tare ni a bakin get. Wai lafiya ɗana Zakariyya kuwa? Mako uku bai gan shi a sahu ba. Na ce aiki ne ya yi masa yawa a garejinsu na Apo. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe min. Ɗan mutumin da har ya koma ga Allah bai bar sahun farko ba. Shekara ashirin da tara, ga gemu, amma a ɗaka yake salla kamar amarya.

Wake da shinkafa na yi, da yankakkiyar albasa. Na cika masa kularsa ta zuwa aiki, saura ya ci da ya dawo.

Laraba, 7 ga Mayu

Banɗaki ɗaya ne a gidan nan. Sau uku ya shiga kafin na gama shara. Warin kuwa, a bar maganar. Na ce masa abin da mutum ke jawo wa kansa ke nan idan ya koma cin ƙazantar titi, taliyar mai shayi da shawarma. Ya ce, "Umma, likita ya ce..." Na ce likitan ne ya haife ka?

Da yamma na dama masa fura da nonon Lantana, Bafulatanar da ke kawo min. Na tsaya a kansa har ya shanye.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na hana shi fita aiki don na ga tafiyarsa Juma'a da idona. Ya ci alalata ƙulli huɗu, ya tafi. Ana cikin salla, ina jin karatun liman ta lasifika, sai ga shi da sauri, ko sallama babu, ya faɗa banɗaki.

Raina ya fara ba ni ko shaye-shaye ne. Apo ba abin da ba a sha. Na shinshina rigarsa. Baƙin mai kawai.

Asabar, 10 ga Mayu

Bikin suna a Dei-Dei, kwana biyu zan yi. Ya ci abin da ya ga dama.

Talata, 13 ga Mayu

Ya bar kular a kan tebur, na ce ba za a yi asarar girkina ba. Mota biyu na hau zuwa garejin, ga cunkoso. Na tarar ya fita gwada mota. Wani ƙaton mutum mai furfura, Silas, abokin aikinsa, ya taso yana goge hannu, yana yi min gurguwar Hausarsa.

"Mama! Kai ne mai waken nan? Allah Ya ba ka lada. Mako uku ina ci, matana ma ya ce na yi ƙiba."

Ya karɓi kular kamar tasa. Murmushi na yi, ban san yadda aka yi na dawo gida ba.

Da Zakariyya ya shigo na wanke shi tas. Na ce abincin da nake tashi tun Asuba in girka, shi kake bayarwa kamar ragowar biki? Wanda ya raina abincin uwarsa ba mamaki ya raina kiran salla. Ya sunkuyar da kai. Abu ɗaya ya faɗa: "Na gida ai ina ci, Umma, don kada ranki ya ɓaci." Wai alfarma yake min!

Na tura masa dafadukan taliya da kabeji. Ya cinye.

Laraba, 14 ga Mayu

Bai iya fita aiki ba. Banɗakin nan sai dai a sake shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Zan wanke kayan aikinsa na ci karo da ƙaramin littafi a aljihu. Na ɗauka lambobin 'yan mata ne. Gara ma su. Kowane shafi kwanan wata, abin da ya ci, yadda cikin ya yi, har da kamannin bayan gidansa, mai ruwa ne ko mai tauri. Tir! Namiji baligi ya zauna yana rubuta wannan. Sai da na wanke hannu.

Akwai takardar likita a ninke. Ciwon wai IBS sunansa. Ba tsutsa ba ce, ba olsa ba. Hanjin wasu ne ba ya jure wasu abinci, kuma kowa da nasa. A daina su na 'yan makonni, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya a ga mai laifin. Wake, albasa, tafarnuwa, nono, burodi, taliya, kabeji. Wato girkina kaf. Abin da iyayenmu suka ci suka yi noma.

A shafin ranar tara ya rubuta: "Alalar Umma. Iska ta kufce min a raka'ar farko. Na kusa da ni ya toshe hanci. Ba zan ƙara ɓata wa mutane salla ba."

Ban ƙarasa wankin ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na ajiye littafinsa kusa da wannan nawa, don kawai in kama ƙaryar likitan. Biyar ga wata, wake: murɗa da zawo. Bakwai, fura da nono: kumburi. Tara. Sha uku. Duk ranar da na rubuta abin da na ba shi, ga sakamakon a nasa.

Mai shayi bai fito a littafin ko sau ɗaya ba. Na duba sau biyu.

Goma da sha ɗaya, ina Dei-Dei: "Farar shinkafa, ƙwai, alayyafo. Lafiya lau. Azahar da La'asar a jam'i, Apo. Alhamdulillah."

Na mayar da shi aljihun da na same shi.

Talata, 20 ga Mayu

Da ya yi min bayani kamar mutum ai da na ji. Yaran yanzu ba su iya magana ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Albasar damina ruɓewa take yi, shi ya sa na sayi lawashi. Takardar ta ce ana iya soya albasa a mai a tsame ta a yar. Almubazzaranci. Na tsame, amma ni na cinye abata. Miyar ba ta da maraba da ruwan wanke kwano.

Ya kalli tuwon shinkafar, ya juya miyar da cokali, ya ɗago ya kalle ni. Na ce me kake kallo, ci mana.

Na ce wa Lantana ta rage nonon, ni kaɗai ke sha yanzu.

Litinin, 26 ga Mayu

Yau ma cikin ya murɗa, kuma ba abin da na saka. To, likitan ma bai san komai ba. Amma sau ɗaya ya shiga.

Juma'a, 30 ga Mayu

Malam Dallatu na kiran Magariba na ji ƙarar buta, sannan get. Ina shirya kwanuka ne a jikin taga, ba jiransa nake ba. Raka'a ta farko. Ta biyu. Kwano ɗaya na goge har aka yi sallama. Bai dawo ba sai da aka watse, ina jin su suna dariya shi da ladan a ƙofar gida.

Har yanzu ina kan bakana, rubuta bayan gida a littafi ƙazanta ce.

Gobe kula biyu. Waken da ya rage a buhu zai yi ƙwari idan aka bar shi, kuma mutumin nan Silas ya san darajar abinci.