Ƙafafun Baba Bayan Gudun Famfalaki

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin ƙaramar, haƙorin ya fito kuwa? Mu nan sai godiyar Allah.

Na gwammace in rubuto miki, don in na kira a waya Baba yana kusa, kin kuwa san kunnensa. Yaya, Baba ya shiga gudun famfalakin nan, kuma ya kai ƙarshe. Ina cikin rumfar tausa da aka kafa a inda ake gama tseren, wurin aikinmu ya tura mu kula da mata 'yan gudu, sai abokiyar aikina ta taɓo ni ta nuna mini shi. Yana tafe yana jan ƙafar hagu, furfurar nan ta jiƙe sharkaf, samari na ta yi masa tafi. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Wannan ce gasarsa ta farko tun rasuwar Inna.

Ga abin da ya dame ni. Ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa ƙafa. Masu yi wa maza tausa sun roƙe shi ya kwanta ko na ɗan lokaci, ya ɗaga musu hannu ya wuce. Da muka dawo gida na shimfiɗa tabarma a falo, na ɗauko tawul da mai, ya dube su ya ce in bar shi, ya gode. Can da yamma kuma na ji yana gaya wa maƙwabcinmu wai in ƙafafun ba su saki ba, shi ke nan, ya bar gudu.

Kin san tun da Inna ta tafi, gudun asubar nan kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki. In ya bari, wallahi tsoro nake ji kujerar bakin tagar nan ta cinye mana shi muna kallo. Ki taya ni addu'a.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Sallama da fatan alheri. Ina fata kun tashi lafiya, da gida da aiki. Na gode da addu'o'in da kika turo.

Ba labari mai daɗi zan ba ki ba. Ƙafafun sun sandare kamar itace. Matakalar ƙofar gida ma da baya-baya yake saukowa, yana dafe da bango, salla kuwa sai a zaune. Da wani ne sai in yi dariya, don duk wanda ya yi dogon gudu haka yake tafiya washegari. Amma nasa ya wuce kwanakin da ya kamata.

Shekaranjiya na samu ya yarda da ƙyar in yi masa tausa. Na yi masa bayani yadda muke yi wa kowa, cewa ba a danna tsoka da ƙarfi bayan irin wannan wahala, shafa ake fara yi a hankali, daga idon sawu a yi sama. Na ɗumama man a tafin hannuna na fara. Na yi yadda aka koya mana a wurin aiki, ba surutu, sai dai in tambaya da ƙaramar murya ko nan da zafi. Ban kai gwiwa ba ya janye ƙafarsa, ya ce hannuna da kyau, Allah ya yi mini albarka, ya isa haka.

Yaya, abin ya yi mini ciwo. Ni da 'yan tsere ke bin layi don hannun nan, a gidanmu ya zama ba shi da amfani. Na fita tsakar gida na wanke man, na tsaya ina kallon tafukana kamar su suka yi laifin.

Abokan gudunsa sun zo jiya da sassafe, ya ce in ce musu barci yake. Idonsa biyu, yana kan kujerar. Ni dai lallaɓa shi nake kamar ƙwai, ko kwano ba na bari ya yi ƙara a gidan. Ban san me kuma zan yi ba.

Ki gaida maigidanki.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Jiya ina haɗa kayan wanki na ciro safar da ya yi gudun da ita, ya cusa ta can ƙasan kwando. Ta bushe ƙamas da jini. Ashe farcen babban yatsansa ya fita tun a hanya, dunduniyar ta saɓule, shi ne yake ɓoye mini da wata safar. Nan tura ta kai bango. Na faɗa ɗakinsa ko sallama babu, na ɗaga masa safar, na shiga faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce shi yaro ne da zai ɓoye ciwo? Na ce mutum da furfurarsa ya je yana tsere da sa'o'in jikokinsa, ya dawo ya hana a duba shi, in ƙafar ta ruɓe wa gari ya waya? Sai da na kai aya na tuna da wanda nake magana. Na durƙusa zan ba shi haƙuri.

Kawai sai na ga ya miƙo ƙafar. Ya ce, “Ci gaba.”

Na ɗauko ruwan ɗumi na wanke ciwon, na ɗaure, na zuba mai na fara shafa sharaɓar, bakina gum don kunya. Ya ce, “Ba tausar kaɗai ba. Har faɗan.”

Yaya, nan ya gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Wai Inna ba ta iya tausa ba ko kaɗan, murɗa shi take kamar tana matse wanki. Amma daga yatsa har gwiwa faɗa take masa, tana cewa wa ya aike shi, wa ya biyo shi da zai yi ta gudu haka. Ya ce, “Tun da ta tafi, kowa a hankali yake mini magana, kamar ni ne na gaba.”

Haka na yi ta yi, ina murza tsokar ina masa masifa, hawaye na ɗiga a hannuna. Shi ma ya kawar da kai wajen bango. A ƙarƙashin yatsuna na ji ƙullin nan na sharaɓar hagu ya fara saki. Yau da safe ya taka har bakin titi ya dawo, yana ɗingishi yana mita.

Don haka ga roƙona. In kin kira shi, ki daina rage murya, ki daina yi masa sannu sau goma. Ki tambaye shi wa ya aike shi.

Allah ya jiƙan Inna, ya bar mana Baba. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta