Adireshin da Ka Bar Mini a Asibiti

Kazaure, Jihar Jigawa

Zuwa ga Yaya Nuruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal, Allah Ya ƙara rufa asiri. Uwa ta samu sauƙin ƙafar, har ta je suna Roni ranar Asabar. Ba ta san na rubuto wannan takarda ba, kuma ba na so ta zama 'yar aike tsakaninmu.

Yaya, ka zalunce ni. Da ka bar aikin kula da kwamfutocin asibitin nan aka ba ni gurbinka, ka ce komai a tsare yake, ko takarda ɗaya ba ka bar mini ba. Ashe tsayayyen adireshin IP da ka ba sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin marasa lafiya, wanda ake shiga ta cikinsa a gyara ta, ka ɗauko shi ne daga cikin lambobin da rauta, akwatin da ke haɗa kwamfutoci a layi, ke raba wa duk na'urar da ta hau layi. Kai da ka koya mini cewa ba a haɗa adireshi tsayayye da masu sauyawa a jeri ɗaya! Ranar Talata ma'aikata suka zo horo daga Babura da Gwiwa da kwamfutocinsu, rauta ta miƙa wa ɗaya lambar sabar. A daidai lokacin sabar ta tsaya, na nemi hanyar shiga na rasa. Awa uku ba a buɗe fayil ɗin kowa ba. Wani dattijo mai ciwon suga da ya zo a babur tun daga Achilafiya ya zauna a benci har ya fara rawar jiki, ni kuwa kowa ni yake harara.

Sau tara na kira ka, ba ka ɗaga ba. Amma da shugaban asibiti, Dakta Muhammadu Lawal, ya kira, nan take ka ɗaga, ka ce masa lafiya lau ka bar komai, sai dai in yarinyar ce ta taɓa abin da ba ta sani ba. Yarinya, Yaya? A gabana aka buɗe muryar wayar. Washegari aka miƙo mini takardar tuhuma a gaban waɗanda nake horarwa.

Na gyara ɓarnarka. Lambobi daga biyu zuwa talatin na keɓe wa sabar da na'urorin da ba sa motsi, daga ɗari zuwa sama rauta ta raba wa baƙi, na rubuta na manna a jikin akwatin rauta. Na kuma goge sunanka, ba ka da sauran hanyar shiga daga can. Wajen gyaran ne na ga tarihin da sabar ke ajiyewa: sunanka da ranar da ka saka lambar suna nan, wata bakwai kafin in fara aiki. Na buga shi a takarda, yana cikin jakata.

Ranar Litinin zan amsa tuhumar. Ka kira Dakta kafin nan ka faɗa masa gaskiya da bakinka, in yaga takardar da na buga. In ba ka kira ba, zan ajiye ta a teburinsa, kuma ba zan nemi afuwar kowa ba.

Ka gaida Anti Zulaikha, ita ba ta yi mini komai ba. Ka shafa mini kan Musaddiƙ da Ma'u.

Ƙanwarka,
Sadiƙa